Ɗaukar ma'aikata: Son ran da mai shi bai san yana da shi ba

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance masu neman aiki a wata ma'aikata ko hukuma a Abuja ya san wannan lokacin. Mai neman aikin ya yi godiya ya fita, an rufe ƙofa, ɗakin ya yi tsit, sai shugaban kwamitin ya jingina da kujera ya ce, "Ni dai yaron nan ya kwanta mini." Daga nan zance ya ƙare. Sauran mambobin, waɗanda akasarinsu na ƙasa da shi ne a muƙami, sai kowa ya ɗauki biro ya cike takardar maki yadda za ta dace da abin da ya kwanta wa oga.

Ba a karɓi ko sisin kobo ba. Babu kati daga wani sanata, babu ɗan uwan kowa a cikin waɗanda aka gani. Da za a rantsar da shugaban kwamitin, zai rantse da zuciya ɗaya cewa cancanta ya bi, kuma ba ƙarya zai yi ba, domin haka shi ma ya ɗauka. Amma da za a titsiye shi ya faɗi abin da ya sa yaron ya kwanta masa, sai a tarar jami'arsu ɗaya, ko Turancin yaron ya yi kama da na 'ya'yansa, ko kuwa ya iya gaisuwa irin wadda ake yi wa manya a garinsu. Wadda ta shigo kafin shi, mai sanyin murya, wadda ta amsa tambayar kasafin kuɗi daidai alhali shi ya yi ta kewaye-kewaye, tuni an manta da fuskarta.

Idan ana maganar ɓarnar ɗaukar aiki a ƙasar nan, hankali yakan tafi ne ga wadda ake gani ƙuru-ƙuru. A shekarar 2023 kwamitin wucin gadi na Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya shafe makonni yana sauraron yadda ake sayar da guraben aiki a hukumomin gwamnatin tarayya, har wasu suka bayyana suka faɗi miliyoyin da suka biya. Kafin nan, a watan Maris na 2014, an yi turmutsutsun jarrabawar ɗaukar jami'an shige da fice, inda dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira dubu-dubu don neman gurabe ƙasa da 5,000, aka rasa rayuka a Abuja da wasu biranen. Waɗannan abubuwa ne da kowa ya yarda laifi ne, mai yin su ma ya san laifi yake yi, shi ya sa yake ɓoyewa. Wanda ya fi wuyar magani shi ne son ran da yake aiki a zuciyar mutumin kirki, wanda bai taɓa cin hanci ba, kuma zai ji zafi ƙwarai idan aka ce masa yana nuna bambanci. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

An gwada wannan lamari a aikace. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga kamfanonin da suka yi tallar gurabe a biranen Boston da Chicago. Ilimi da ƙwarewar da ke cikin takardun daidai suke, sunaye kawai aka bambanta: wasu aka sa musu sunayen da aka saba ji wurin fararen fata, irin su Emily da Greg, wasu kuma sunayen baƙaƙe, irin su Lakisha da Jamal. Sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna cewa mai sunan farar fata yakan samu kira ɗaya a cikin takardu goma, shi kuwa mai sunan baƙar fata sai ya aika kusan goma sha biyar. A 2012 kuma masu bincike a Jami'ar Yale suka ba malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takarda ɗaya ce, sai dai wasu sun ga John a kanta, wasu sun ga Jennifer. Malaman suka ce John ya fi ƙwarewa, suka kuma yanka masa albashin da ya ɗara na Jennifer da sama da dala 3,700 a shekara. Abin lura a nan shi ne, malamai mata ma haka suka yi, ba su fi takwarorinsu maza yi wa Jennifer adalci ba. Ke nan ba sai mutum ya tsani wani jinsi ko wata ƙabila zai tauye ta ba. Ya isa a ce ya tashi yana jin abin da jama'a ke faɗa a kanta.

Idan suna yana da wannan ƙarfi a Boston, ina ga Najeriya, inda sunan mutum kaɗai yakan fallasa yankinsa, addininsa, wani lokaci har da unguwarsu? Kafin mai tantancewa ya kai ga layin da aka rubuta digiri, ya riga ya san ko Chukwuemeka ne, ko Abdulmumini, ko Oluwaseun, ko Terhemba, kuma kowane suna yana tafe da tarin labaran da aka ji tun ana yara a kan mutanen da ke amsa shi. Sai kuma harshe. Ɗan Arewa da ke musanya harafin "p" da "f" yakan rasa maki tun bai kai ƙarshen jimla ba, ko da abin da ya faɗa shi ne daidai. Haka wanda ya taso a ƙauyen Ekiti ko Ebonyi yakan sha irin wannan kallo a gaban wanda ya yi makarantar kuɗi a Legas. Ana ɗaukar santsin baki a matsayin kaifin ƙwaƙwalwa, alhali kowa ya san daraktocin da ba su iya dogon Turanci ba amma fayil ba ya kwana a teburinsu, ya kuma san masu zaƙin baki da ba su taɓa kammala aiki ɗaya ba. Alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, amma alama ce kawai.

Mace kuwa tambayoyinta daban ne. Ana tambayar ta ko tana da aure, in babu yaushe za ta yi, in akwai ko maigida zai bar ta ta yi tafiya, 'ya'ya nawa ne kuma wa ke kula da su. Ba a yi wa namiji waɗannan tambayoyi, duk da cewa shi ma yana da iyali kuma shi ma yakan nemi izinin fita ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Mai hijabi takan gamu da wanda ya yanke mata hukunci tun daga bakin ƙofa, marar hijabi ma takan gamu da nata a wani ofishin. Masu buƙata ta musamman sun samu doka tun Janairun 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna musu bambanci, wadda ta tanadi cewa hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Amma doka ba ta hana mai tantancewa ya kalli keken guragu ya ce a ransa, "Wannan ba zai iya da wahalar ofishinmu ba," ba tare da ya tambayi mai keken ba. Ga kuma tsohon rikicin HND da digiri, wanda Majalisar Dokoki ta amince da ƙudirin kawo ƙarshensa a 2021 amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Mai HND yakan shiga ɗakin tantancewa ne da bashin maki a wuyansa.

Wani zai ce ai tsarin raba-daidai ya riga ya magance wannan. Gaskiya ne sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana mutanen wasu 'yan jihohi ko ƙabilu su mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta, sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini, kuma Hukumar Raba-Daidai da aka kafa da doka a 1996 ta shata cewa kowace jiha ta samu tsakanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na ma'aikatan kowace hukuma. Wannan tsari yana da amfani, kuma masu kiran a soke shi ba su cika faɗin abin da zai maye gurbinsa a ƙasa mai irin wannan tarihi ba. Sai dai jiha kawai yake ƙirgawa. Ba ya tambayar wane ne aka ɗauka daga jihar. Gurbin Jigawa ko na Bayelsa yakan faɗa hannun yaron da aka haifa a Maitama, wanda bai taɓa kwana a ƙaramar hukumarsu ba sai ranar da aka kai shi karɓar takardar shaidar asali, domin shi ne ya iya shiga, ya iya magana, ya yi kama da mutanen da ke zaune a bayan tebur. A takarda an raba daidai. A zahiri aji ɗaya ne ya raba wa kansa.

Tsarin ya kuma haifar da nasa son ran. Akwai ma'aikatan da tun ranar da suka kama aiki ake kallon su a matsayin waɗanda rabon jiha ya shigo da su, ba ƙoƙarinsu ba. Sai a ƙi ba su aiki mai nauyi, a ƙi tura su kwas, bayan shekara goma a ce ga shi nan, dama an faɗa ba su iya komai ba.

Lamarin hadimai ya fi sarƙaƙiya. 'Yan Majalisar Dokoki 469, da ministoci, da shugabannin hukumomi, kowannensu yana zaɓar waɗanda za su zauna kusa da shi ba tare da talla a jarida ko jarrabawa ba, kuma babu mai hankalin da zai ce minista ya ɗauki baƙon da bai sani ba ya danƙa masa wayarsa da jadawalinsa da sirrinsa. Amana sharaɗi ce a wannan aiki. Kuskuren shi ne ɗaukar kama a matsayin amana. Wata masaniyar zamantakewa a Jami'ar Northwestern, Lauren Rivera, ta zanta da mutum 120 masu ɗaukar ma'aikata a manyan bankuna da kamfanonin lauyoyi da na ba da shawara a Amurka, ta tarar da yawansu suna auna mai neman aiki ne da tambayar da suke yi wa kansu: shin zan ji daɗin zama da wannan mutumin idan jirgi ya yi mana jinkiri a filin jirgi? Wato abokin hira suke nema, suna kiransa wanda ya dace. A Abuja ma haka zancen yake, sai dai a ce "namu ne" ko "ya san yadda muke yi."

Farashin wannan yana dawowa kan mai gidan ne. Ofishin da kowa a cikinsa ya fito daga gari ɗaya, makaranta ɗaya, majalisar hira ɗaya, makantarsa ma ɗaya ce. Za a rubuta sanarwa da kalmar da za ta harzuƙa rabin ƙasa, ta wuce hannun mutum biyar babu wanda ya ji ta yi masa nauyi, domin a garinsu ba zagi ba ce. Za a sa taro ranar da wani addinin yake da biki. Za a kawo shawara mai rami a tsakiyarta, kowa ya gyaɗa kai, domin wanda ya kawo ta yayan abokin wani ne. So hana ganin laifi. Hadimin da zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai yi ba," sau da yawa shi ne wanda bai kwanta wa kowa ba a ranar farko.

To me ke magani? Abin da aka fi gudu gare shi shi ne bita: a tara ma'aikata a otal kwana biyu, a nuna musu hotuna a bango, a raba jaka da alawus. Gwamnatin Birtaniya ta daɗe tana yi wa ma'aikatanta horo a kan ɓoyayyen son rai, amma a Disambar 2020 ta sanar da dakatar da shi, bisa hujjar cewa babu gamsasshiyar shaidar yana sauya halayya. Sanin cewa kana da son rai ba ya cire shi, kamar yadda sanin cewa sikeli ya karkace ba ya miƙar da shi. Abin da ke aiki shi ne gyara yadda ake awon.

A 1955, Daniel Kahneman, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2002, matashi ne a rundunar sojan Isra'ila da aka ɗora wa gyara yadda ake tantance sababbin sojoji. Ya tarar masu tantancewa suna hira ce kawai da kowane matashi, sannan su faɗi yadda suka ji a ransu, kuma hasashen nasu ba ya faɗin komai a kan yadda sojan zai kasance. Sai ya zayyana halaye shida, ya tsara tambayoyi a kan abin da mutum ya taɓa aikatawa a zahiri, ya ce a ba kowane hali maki daga 1 zuwa 5, ɗaya bayan ɗaya, kafin a wuce zuwa na gaba. Masu tantancewar suka yi bore, suka ce ya mayar da su na'ura. Sai ya yi musu rangwame: bayan sun gama ba da makin shida, su rufe ido su ba da maki ɗaya na abin da zuciyarsu ta raya musu. Sabon tsarin ya fi tsohon nesa ba kusa ba, kuma abin mamaki, makin rufe idon ma ya zama mai amfani, domin ya zo ne bayan an tattara hujja.

Wannan shi ne amsar daraktan da zai ce shekara talatin yana aiki, kallo ɗaya yake yi wa mutum ya gane shi. Babu mai raina gogewa, amma gogewa tana kaifi ne idan tana samun gyara, shi kuwa mai ɗaukar aiki rabin sakamakonsa kawai yake gani. Yana ganin wanda ya ɗauka, yana kuma taimaka masa ya yi nasara domin zaɓinsa ne. Wadda ya ƙi ba zai sake ganinta ba, ballantana ya san ko ita ce ta fi. Shekara talatin na irin wannan tabbaci take ƙarawa, ba daidaito ba.

Babu abin da Kahneman ya yi da ya fi ƙarfin kowane sashe a Sakatariyar Tarayya, kuma ba ya buƙatar sabon kasafi ko wata takardar umarni daga sama. A rubuta abin da aikin ke buƙata kafin a buɗe takardar kowa, domin idan aka ga mutum tukuna, sharuɗɗan sukan lanƙwasa su bi siffarsa. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Kowane mamba ya rubuta makinsa shi kaɗai, a karɓe takardun kafin a buɗe baki, kuma idan za a tattauna a fara da mafi ƙanƙanta a muƙami, shugaba ya yi magana a ƙarshe. A tsarin da ƙaramin jami'i ba ya musa wa darakta, wannan ƙa'ida ɗaya ta fi sauran nauyi: kwamitin mutum biyar da shugabansa ya fara magana, kwamitin mutum ɗaya ne da shaidu huɗu. Sannan a gwada aikin da kansa. Wanda zai riƙa rubuta takardun ofis, a ba shi fayil na gwaji da minti arba'in ya taƙaita shi a shafi ɗaya. Wanda zai zama hadimin yaɗa labarai, a ba shi wata matsala ya rubuta sanarwa. A sa lamba a maimakon suna, a ba wanda bai ga fuskokinsu ba ya duba.

Ɓoye sunan ma yana da iyaka. Birtaniya ta shigar da shi cikin ɗaukar ma'aikatan gwamnati bayan sanarwar Firaminista David Cameron a 2015, amma da Ostireliya ta gwada shi a kan ma'aikatan gwamnati sama da 2,000, sai ta tarar cire suna ya rage wa mata da 'yan tsiraru damar shiga jerin waɗanda za a kira, domin jami'an da aka gwada suna ɗan fifita su ne idan suka ga sunan. A Najeriya kuma dole a san jihar mutum a wani mataki, tunda doka ta ce a raba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba matakan: a duba aikin da lamba, a jera maki, sannan a buɗe jihohi, a ɗauki wanda ya fi maki a kowace jiha. Kwamfuta ma ba waliyyiya ba ce. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace takardun neman aiki da ya ƙera, bayan an gano tana rage wa mata maki, domin da takardun shekara goma aka koyar da ita kuma yawancinsu na maza ne. Jarrabawar kwamfuta da hukumomi ke yi yanzu ta rage wani abu, amma wanda ya tsallake ta yana komawa ne gaban kwamiti, inda komai yake nan yadda aka bar shi.

Akwai kuma ƙofar da ake rufewa tun kafin a zo tantancewa. Ƙa'idar Hukumar Raba-Daidai ta ce a tallata gurabe a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba mutane mako shida su nema. Hukumomi da dama sukan nemi a ɗage musu wannan sharaɗi, abin da kwamitin Gagdi ya yi ta kokawa a kai. Idan ba a yi talla ba, waɗanda suka ji labari su ne waɗanda suka san wani a ciki, kuma mutum yakan sanar da irinsa ne. Kwamitin da ya fi kowane adalci ba zai zaɓi wanda bai taɓa jin an buɗe gurbin ba.

Dokokin aikin gwamnati sun ce ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Matashin da aka ɗauka yau yana da shekara 25 zai iya kasancewa a ofis har bayan waɗanda suka ɗauke shi sun daɗe da karɓar fansho, kuma shi ne zai zauna a kujerar shugaban kwamiti wata rana, ya jingina, ya ce wani ya kwanta masa. Ganawar da aka yanke wannan hukunci a cikinta ba ta cika wuce minti goma sha biyar ba. Duk daraktan da ke da yaƙinin cewa shi cancanta kaɗai yake bi, yana da hanyar gwada kansa a sirrance: ya rubuta sunayen mutum goma na ƙarshe da ya ɗauka, ko ya tura kwas, ko ya jawo kusa da shi, ya rubuta jami'ar kowane, da jiharsa, da addininsa, da jinsinsa a gefen sunan, sannan ya rubuta nasa a ƙasan takardar.